Jami'in biza bai ci goron aurenku ba

Wata Lahadi aka ɗaura auren 'yar yayata a Aboabo, nan Kumasi. Ango yana Bronx, cikin birnin New York, yana tuƙin tasi, don haka baffansa ne ya karɓa masa. Liman ya yi huɗuba, aka faɗi sadaki kowa ya ji, aka raba goro da alewa, aka shafa fatiha. Shi kuwa ango ta WhatsApp ya kalli komai, wayar na hannun wani yaro da ya hau kan benci don a ga liman sosai. A wajenmu aure ya ɗauru, kuma babu malamin da zai ce bai ɗauru ba.

Bayan shekara guda da 'yan watanni sai ga yayata da sassafe, ko gaisuwa ba mu gama ba ta miƙo mini waya. Hoton wata takarda ce da aka aiko wa ango a can.

"Ƙanena, karanta mini wannan. Wai cewa suka yi auren ba aure ba ne."

Na karanta har sau biyu. Na ce, "Yaya, ba haka suka ce ba. Tambaya suke yi: tun da aka ɗaura, ya taɓa zuwa sun zauna tare?"

Ta yi shiru, don bai taɓa zuwa ba. Kuɗin jirgin ne yake tarawa don ranar da za ta bi shi.

Wannan tambayar ita ce bakin zaren duk maganar bizar miji ko mata. Mu a zango, aure abu ne da ake yi a gaban mutane: waliyyi, shaidu, sadaki, goro, 'yan unguwa. Wanda zai duba takardunku kuwa bai san Aboabo ba, bai san liman ba, bai ci goron ba. Takarda yake gani, da kwanan wata, da haruffan suna. Yawancin waɗanda na ga an mayar musu da fasfo hannu rabbana, auren nasu na gaskiya ne. Takardar ce ta kasa faɗin gaskiyar, ko kuma wani ya ba su shawarar su yi mata kwaskwarima.

Mu fara da auren wakilci, tunda shi ne ya fi cin mutanenmu. Dokar shige da ficen Amurka ba ta ɗaukar mutum miji ko mata idan ba su kasance wuri ɗaya ba lokacin ɗaurin aure, sai fa idan sun tare daga baya. Ke nan maganin matsalar 'yar yayata ba wata sabuwar takarda ba ce, tikitin jirgi ne: ya zo, su zauna, a ga hatimin shigowarsa a fasfo, a ga hotuna, a ga rasit. Kanada ta fi haka tsauri. Tun watan Yunin 2015 ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta wakili ko ta waya ko ta intanet idan ɗayan ma'auratan ba ya wurin da jikinsa. Ingila kuma wata hanya ta bi: tana duba ko auren ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, sannan tana so a nuna mata cewa su biyun sun taɓa haɗuwa ido da ido. Aure ɗaya, ƙasashe uku, amsoshi uku. Shi ya sa shawarar da wani Boga, wato ɗan gida da ya dawo daga Turai, ya ba ka a majalisar shan ataya za ta iya zama daidai a Hamburg, ta kai ka ta baro ka a Toronto.

To, me dokar Ghana ta ce game da aurenmu? Nan ne da yawa za su yi mamaki. Dokar auren ƙasar nan, wadda lauyoyi ke kira Cap 127, ta san aure iri uku: na gargajiya, na Musulunci, da wanda muke kira auren kotu. Sashen auren Musulunci tun zamanin Turawa yake, daga 1907, kuma abin da ya tanada shi ne: cikin mako guda da ɗaurin aure, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limamin da gwamnati ta ba lasisi su je wurin mai rajista su sa hannu. Mako guda! A cikin makon nan wa ke da lokacin ofis, ana ta kai amarya da karɓar baƙi? Idan makon ya wuce, sai an nemi izinin Babbar Kotu kafin a yi rajistar. Kuma ba kowane liman ne ke da wannan lasisin ba, komai girman iliminsa. Saboda haka takardar nan mai kyau da masallaci ke bayarwa, mai ayoyi a kai da koren zane a gefe, shaida ce cewa an yi biki, amma ba lalle ta zama rajistar da ofishin jakadanci ke nufi ba. Ku tambayi limaminku kai tsaye tun kafin a sa rana: "Malam, kana da lasisin rajistar aure?" Ba rashin kunya ba ce. Malamai da dama sun riga sun san dalilin tambayar.

Da mutane suka gane haka sai suka koma auren kotu, don takardarsa ba ta da gardama a ko'ina. Ana kai sanarwa ofishin majalisar birni ko na babban mai rajista, a lika ta kwana 21, idan babu mai ja sai a ɗaura. Amma akwai ƙaya a cikinsa da ba a cika faɗa wa maza ba: auren kotu na mace ɗaya ne. Wanda ya yi shi ba shi da damar ƙara aure muddin yana nan, kuma wanda yake da uwargida a gida ba zai iya zuwa ya sa hannu da wata ba. In ya yi, auren ya ɓaci a idon doka, kuma laifi ne. Na san wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota a Suame da ya so ya yi haka da amaryarsa mai takardun Italiya, yana cewa ai sa hannu ne kawai. Uwargidansa ba ta ce komai ba, amma 'ya'yanta biyar suna nan, kowanne da takardar haihuwa mai sunan uba ɗaya da kwanan wata. Ba sai wani ya kai tsegumi ba. Takardun da kansu za su yi magana.

Maganar mata biyu kuwa a taƙaice take. Amurka uwargida kaɗai ta sani, kuma dokarta ta hana shiga ga wanda zai je ya yi zaman mace fiye da ɗaya. Ingila ba ta ba amarya bizar aure idan akwai wata matar mijin da ta riga ta shiga a matsayin matarsa. Sauran ƙasashen Turai ma haka abin yake. Babu dabarar da ta wuce wannan, sai ƙarya.

Ga kuma wanda ya fi duka ciwo, don ya shafi gidaje da yawa daga Nima zuwa Asawase. Mutum ya tafi tun yana saurayi ko kuma ya bar mata da jariri. Da ya isa can, don ya samu zama, ya yi auren takarda da wata 'yar ƙasar, ya rubuta a fom cewa bai taɓa aure ba, ba shi da ɗa. Shekara goma ta wuce, ya samu fasfo, sun rabu da waccan, yanzu yana son ya ɗauko matarsa ta gaskiya da yara uku, biyu daga ciki an haife su ne a lokacin da takarda ta ce yana auren wata. Gaba kura, baya siyaki. In ya faɗi ainihin ranar aurensu, ya nuna cewa auren da ya ba shi takarda an gina shi ne a kan ƙarya, har takardun nasa ma na iya girgiza. In ya ƙirƙiro sabuwar rana, shekarun yaran za su tona shi. A Amurka, wanda aka tabbatar ya shiga auren bogi don neman takarda, ba a sake amincewa da wata takardar neman zama da aka shigar dominsa har abada. Wanda ke cikin wannan hali ya nemi lauyan shige da fice mai lasisi a ƙasar da yake, kafin ya cika layi ɗaya. Wannan ba aikin yaron da ke buga takardu a bakin titi ba ne, kuma ba aikin ɗan konekshin, wato dillalin biza, ba ne.

Tunda na ambace su, bari in faɗi ra'ayina. Ɗan konekshin ba ya ba da biza. Abin da yake sayarwa tsoronka ne. Zai haɗa maka bayanan banki da ba naka ba, da takardar wurin aikin da ba ka taɓa takawa ba, ya karɓi rabin kuɗi. In ta fito ya ce ƙarfinsa ne, in ba ta fito ba ya ce rabo. Kai ne za ka ɗauki hukuncin: Ingila na iya rufe maka ƙofa shekara 10 saboda takardar jabu a neman bizar ziyara, Amurka kuma haramcinta kan yaudara na dindindin ne, sai in an yi maka afuwa ta musamman, wadda ba a tsintar ta a hanya. Kuma an ɗauki zanen yatsunka. Canza suna da fasfo, wanda ya yi wa iyayenmu aiki shekaru talatin da suka wuce, yanzu ya zama tarko.

Sai suna da shekaru. Wannan ƙaramin abu ne da ke jan fayil wata shida. Yarinya ɗaya, a takardar haihuwa Ayishetu, a takardar makaranta Aishatu, a fasfo Aisha. Uba a nan Abubakari, a can Bukari. Fuseini ya zama Hussein, Issah ya zama Isa. Mu mun san mutum ɗaya ne, don malamin firamare ne ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Jami'in da ke Turai mutum uku yake gani. Ana gyara wannan da takardar rantsuwa da kuma buga sunan a gazet ɗin gwamnati, amma a yi tun kafin a nemi biza, ba bayan an tambaya ba. Ranar haihuwa ta fi wuya, musamman ga wanda aka yi wa rajistar haihuwa yana da shekara ashirin, ko wanda ya rage shekaru don ƙwallo. Jamus ma ba ta tsaya ga hatimin da ke jikin takardun Ghana ba. Takan sa a bincika su, a je har unguwa da makaranta a yi tambaya, kuma mai nema ne ke biyan kuɗin binciken. Ku faɗa wa tsofaffin gida gaskiyar abin da kuka rubuta, don wata rana baƙo zai iya sallama ya tambayi Hajiya shekarar da ta haife ki.

Riƙo ma haka. Ɗan ƙanenka da ka raina tun yana rarrafe ɗanka ne a zango, har ba a son a ce ba kai ka haife shi ba. A fom ba ɗanka ba ne sai da takardar kotu. In ka sa shi cikin 'ya'yan cikinka, aka nemi gwajin jini, ba shi kaɗai zai rasa ba. Sauran ma za a fara kallon su da wani ido.

Idan takardu sun daidaita, saura kuɗi da harshe, kuma nauyin kuɗin a kan wanda ke can yake. Daga 2012 Ingila ta riƙa neman mai ɗauko miji ko mata ya nuna yana samun fam 18,600 a shekara. Ranar 11 ga Afrilun 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 29,000. Wanda ba shi da albashin da za a lissafa sai ya nuna ajiyar fam 88,500. Ban da wannan akwai kuɗin bizar kanta, da harajin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tun farko, da gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi a Accra, da jarrabawar Turanci matakin A1, wato matakin farko. Ee, Turanci, duk da cewa da shi ake karatu a Ghana. Ba su sa mu cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa ba. Bizar farko ta wata 33 ce, a sabunta na wata 30, sai bayan shekara biyar a nemi zaman dindindin. Matsalar mutanenmu a nan ita ce aikin hannu da hannu: mutum yana samun kuɗi sosai, yana aiko da na gini duk wata, amma rabin abin da yake samu bai bi ta banki ba, bai shiga lissafin haraji ba. Abin da takarda ba ta gani ba, babu shi.

Amurka fom ɗin I-130, na neman ɗauko miji ko mata, ake fara cikawa, sannan mai ɗaukowa ya sa hannu a I-864, alkawarin cewa zai ɗauki nauyi, tare da shaidar samun da ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucinsu. Idan auren bai kai shekara biyu ba ranar shiga ƙasar, katin zaman da za a bayar na shekara biyu ne mai sharaɗi, sai an dawo an sake nuna cewa ana tare. Jamus tun 2007 take neman Jamusanci matakin A1 kafin a tashi, abin da ke sa matan aure daga Kumasi zaman watanni a gidan dangi a Accra suna zuwa Goethe-Institut, cibiyar koyar da Jamusanci. Holan kuwa tana da tata jarrabawar harshe da sanin ƙasa da ake yi tun daga nan, kuma dole miji da mata su kai shekara 21. Ga yarinyar da iyakar karatunta makarantar allo da aji shida, wannan ba ƙaramin dutse ba ne. Amma na ga waɗanda suka haye, kuma na lura wadda ta haddace izu goma ba ta cika jin tsoron haddar kalmomi ba. A fara karatun tun ana maganar lefe.

Saboda wannan doguwar hanya ne wasu ke cewa, to ta nemi ta ziyara mana, in ta shiga shi ke nan. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Dokar Amurka, sashen 214(b) da kowa ya san takardarsa ta hana biza, tana ɗaukar duk mai neman bizar ziyara a matsayin wanda ba zai dawo ba, sai ya nuna akasin haka. Matar da mijinta ke can, me zai dawo da ita? Dala 185 ta kuɗin neman biza ta tafi cikin hirar minti biyu. In kuma ta ɓoye cewa tana da miji, ranar da ya shigar da takardar ɗauko ta za a buɗe tsohon fom a ga ta ce ba ta da aure. A Ingila wadda ta shiga da bizar ziyara ba ta da damar juya ta zuwa ta aure daga ciki; sai ta dawo gida ta nema. Bizar Shengen ta ziyara, wato wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, Yuro 90 ce tun Yunin 2024, da inshorar lafiya mai iya biyan magani har na Yuro 30,000, kuma a 'yan shekarun nan fiye da kashi 40 cikin ɗari na masu nema daga Ghana ana hana su. Akwai dai wata 'yar kafa ta halal da ba a cika sani ba: idan mijinki ɗan wata ƙasar Tarayyar Turai ne, kuma za ku je ko yana zaune a wata ƙasar tarayyar da ba tasa ba, bizar kyauta ce kuma ana hanzarta ta.

Kada a manta dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar ziyarar 'yan Ghana zuwa wata uku shiga ɗaya, kafin ƙarshen Satumba aka mayar da ta shekara biyar. Abin da ya yi wa maƙwabcinka aiki bara, duba shafin ofishin jakadancin da kanka ranar da za ka biya kuɗi.

Akwai ɗaya ɓangaren da muke mantawa da shi, wai don namu ne: matar da aka auro daga Maraɗi ko Sakkwato ko Sokode, ko mijin da ya zo daga Yamai ya zauna. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba ɗan yankin ya shiga babu biza. Ba ta ce ya zauna shekara ashirin babu takarda ba. Nijar da Mali da Burkina Faso ma sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ko da yake an ce a ci gaba da barin mutanensu suna zirga-zirga har sai an ga abin da hali ya yi. Abin da doka ke so shi ne izinin zama daga hukumar shige da fice, da katin shaida na baƙi da ake sabuntawa duk shekara. Kuma hanya a buɗe take: sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ba wanda ya auri ɗan Ghana ko 'yar Ghana damar neman zama ɗan ƙasa ta rajista, sai dai namiji dole ya kasance a nan yake zaune dindindin. Da yawa sun bar wannan sun bi ta bayan gida, sun karɓi Ghana Card, katin ɗan ƙasa, da sunan an haife su a Tafo ta Kumasi. Ranar da ɗansu na Jamus zai gayyace su, ko ranar da za a gwada takardun uwa da na 'ya, sai a ga garin haihuwa biyu. Wanda kuma ya riƙe fasfonsa na Nijar ko Najeriya yana son neman biza a Accra, za a tambaye shi shaidar cewa zamansa a Ghana na halal ne. Tsofaffinmu da suka ga korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, lokacin da aka ba marasa takarda mako biyu su tattara, ba sa wasa da wannan maganar. Jikokinsu ne suka manta.

In biza ta fito, saura hanya. Fasfon Ghana da na Najeriya suna cikin waɗanda ake nema wa bizar yada zango ko da canjin jirgi kawai za a yi a filin jirgin wata ƙasar Shengen, irin su Amsterdam ko Brussels. Mai ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada an yafe masa, amma a bincika kafin a sayi tikiti mai araha, don a Accra za a hana ka hawa, ba a can ba. Mijin ko matar da ke zuwa Ghana daga waje su riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Yaron da aka haifa a can, in uwa ko uba ɗan Ghana ne, shi ma ɗan ƙasa ne, amma in fasfon waje kaɗai yake riƙe da shi sai an nema masa biza kamar kowane baƙo. Yi masa fasfon Ghana ya fi sauƙi ga mai zuwa gida duk babbar salla. Uwar da za ta yi tafiya da yara ba tare da ubansu ba ta riƙe takardar amincewarsa. Asalin takardun aure da na haihuwa kuma a jakar hannu, ba cikin akwatin da aka cusa yaji da kanwa da busasshen kifi ba.

Mijin 'yar yayata ya zo da azumin bara, ya yi mako biyar. Wannan karon mun ajiye komai: tikiti, hatimin fasfo, hoton su biyu a ƙofar gidan Aboabo ranar salla, har da rasit ɗin asibiti na awon ciki da ya biyo baya. Mun gyara harafi ɗaya a sunan mahaifinta da ya bambanta tsakanin fasfo da takardar haihuwa. Fayil ɗin yana can yana bin layi. Yayata takan kira ni duk Juma'a bayan masallaci ta ce, "Ƙanena, sun yi magana?" Nakan ce tukuna. Yaron yanzu ya fara zama, kuma shi ma an shiga haɗa tasa takardar.